Makahon da Ya Tantance 2,147,483,647: Rayuwar Leonhard Euler

Da editan wannan mujalla ya ce in rubuta tarihin wani shahararren mutum, na san zatonsa sarki zan ɗauko ko ɗan siyasa. Ni kuwa wani Bature masanin lissafi na ɗauko, wanda ya rasu tun 1783. Kafin ku ce mene ne haɗin kifi da kaska, bari in faɗa muku inda muka haɗu da shi.

Ina shekarar ƙarshe ta difloma a sashen kwamfuta. Furojet ɗina manhaja ce ta ajiye lissafin wata ƙungiyar adashi: wa ya zuba, wa ya ɗauka, nawa ya rage a asusu. Ba zan ɓoye muku ba, kusan rabin aikin daga furojet ɗin wani da ya gama kafin mu na kwaso shi, kamar yadda da yawanmu muke yi. Nasa ya wuce, an ba shi maki mai kyau, to me zan tsaya dubawa? Manhajar da kwabo take ƙirga kuɗi, ba da naira ba. Saura mako uku in kare aikin a gaban malamai, na zauna ina zuba mata alƙaluman gwaji. Komai yana tafiya daidai har jimillar ta haura naira miliyan 21 da 'yan kai. Sai kawai allo ya nuna wai ƙungiyar bashi ake bin ta, bashin ma na sama da miliyan 21. Wallahi sai da gumi ya karyo min.

Washegari na kai wa malamin da ke duba aikina. Ko minti biyu bai yi yana kallo ba, ya rubuta min lamba a bayan takardata: 2,147,483,647. Ya ce in je in gano ko wace ce ita, in na gano zan gyara aikina da hannuna.

Biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Dalilin matsalata bai yi wuyar ganowa ba. A yaren Java, mazubin da aka saba zuba cikakkiyar lamba gurbi 32 gare shi, kowane gurbi sifiri ko ɗaya. Gurbi guda na nuna ko lambar riba ce ko bashi, saura 31. Idan duka 31 ɗin suka cika da ɗaya, abin da za ka samu shi ne 2,147,483,647, wato ka jera 2 guda 31 ka ninka su da juna, sannan ka cire ɗaya. Ƙara ko kwabo ɗaya a kai, sai mazubin ya tuntsure ya koma ƙarshen ɓangaren bashi. A kwabo kuwa wannan lamba naira 21,474,836 ce da kwabo 47. Wanda na kwafa bai taɓa gwada kuɗin da ya kai haka ba, ni ma ban gwada ba sai da ƙurarren lokaci ya zo.

Amma duk inda na nemi bayanin lambar, sai in ci karo da suna ɗaya: Euler. Mu a aji Yula muke cewa, ashe Oila ake furtawa. Shi ne ya tabbatar, a 1772, cewa babu lambar da ke raba wannan lamba ba tare da saura ba, in ban da ɗaya da ita kanta. Irin waɗannan su ne muke kira firayim a darasi, ni kuwa a nan zan kira su gagara-rabo: 2, 3, 5, 7, 11, 13, da sauransu. Abin da ya tsayar da ni shi ne, lokacin da ya yi wannan aiki yana da shekara 65, kuma ba ya gani.

An haifi Leonhard Euler ranar 15 ga Afrilu, 1707, a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, ya tashi a wani ƙauye kusa da birnin mai suna Riehen. Mahaifinsa, Paul Euler, limamin coci ne, kuma burinsa ɗan ya gaje shi. Yana ɗan shekara 13 ya shiga Jami'ar Basel. A can akwai Johann Bernoulli, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na Turai a wancan zamani. Yaron ya nemi ya riƙa koya masa shi kaɗai, malamin ya ce ba shi da lokaci. Abin da ya yarda da shi kawai, yaron ya je ya karanta littattafai masu wuya da kansa, ranar Asabar da yamma ya kawo masa inda ya cije. Ku dubi wannan tsari da kyau. Ba handawut, ba amsar da za a haddace. Sai ka yi ta kokawa da abu mako guda kafin a taimaka maka. Daga baya Bernoulli ɗin ne ya shawo kan mahaifin ya bar yaron ya bi lissafi.

A 1727 Cibiyar Kimiyya ta Faris ta sa gasa kan inda ya fi dacewa a kafa ginshiƙan filafilan jirgin ruwa. Euler ɗan ƙasar da ba ta da teku ne, amma ya shiga, ya zo na biyu. Daga baya ya ci kyautar wannan cibiya har sau 12. A gida kuwa ya nemi kujerar koyarwa a jami'arsu bai samu ba. Mai neman aiki bayan kammala karatu ya san wannan ɗaci. 'Ya'yan malaminsa da ke aiki a sabuwar Cibiyar Kimiyya ta birnin Fitasbag a Rasha ne suka nema masa gurbi, shi ma a sashen likitanci, ba lissafi ba. Ya karɓa, ya kama karatun sassan jikin mutum, ya isa Rasha a watan Mayun 1727 yana ɗan shekara 20. Bai ƙara komawa Suwizalan ba har ya bar duniya. Da ya isa aka mai da shi ɓangaren lissafi, a 1733 kuma ya hau babbar kujerar fannin bayan Daniel Bernoulli ya koma gida. A farkon 1734 ya auri Katharina Gsell, 'yar wani mai zane. Sun haifi 'ya'ya 13, biyar kawai suka wuce ƙuruciya.

Yanzu ga inda labarinsa ya taɓa ni. Tun wajen 1640 wani lauya Bafaranshe, Pierre de Fermat, wanda har gobe ake sara masa a ilimin lambobi, ya lura da wani jeri: 3, 5, 17, 257, 65,537. Kowace a cikinsu, ka ɗauki wadda ta gabace ta, ka cire ɗaya, ka ninka abin da ya rage da kansa, ka mayar da ɗayan. Duka biyar ɗin gagara-rabo ne. Sai Fermat ya ce yana da yaƙinin duk waɗanda za su biyo baya ma haka suke, ko da yake ya yarda bai iya kawo hujja ba. Ta shida ita ce 4,294,967,297. Fermat ya rasu a 1665, maganarsa ta zauna kusan shekara 90 ba wanda ya rushe ta. Wa zai ja da babban malami? Wa kuma zai zauna yana raba lamba mai alƙaluma goma da alƙalami da takarda?

A 1729 wani abokin Euler, Christian Goldbach, ya ambata masa wannan magana a wasiƙa. A 1732, yana da shekara 25, Euler ya nuna cewa 641 tana raba lambar: 641 sau 6,700,417 daidai yake da 4,294,967,297. Na gwada da kalkuletar wayata, kai ma gwada. Ba kuma sa'a ya taka ba. Daga baya ya bayyana hujjar cewa duk abin da zai raba wannan lamba, dole in an raba shi da 64 saura ya zama ɗaya. Gagara-rabon da suka cika wannan sharaɗi su ne 193, 257, 449, 577, sai 641. Ka ga ke nan gwaji na biyar aka dace. Har yau kuwa ba a sake samun gagara-rabo ko ɗaya a wannan jeri ba bayan biyar ɗin farko. Babban malami ya ga misali biyar ya yanke hukunci. Wanda na kwafa ya gwada ƙananan kuɗaɗe ya ce manhaja ta yi. Ni kuma na ga an ba shi maki na ce shi ke nan. Kowa da girman kuskurensa, amma cutar iri ɗaya ce.

Shekarun da suka biyo baya sunansa ya cika Turai. Ya warware wata tambaya da ta gagari 'yan gidan Bernoulli, kan jimillar wani jerin ɓangarori marar iyaka. Ya nuna dalilin da ya sa ba za a iya zagaya birnin Königsberg a ƙetare gadojinsa bakwai, kowace sau ɗaya tak, ba, wanda shi ne mafarin darasin da muke yi yau kan hanyoyin sadarwa. Alamomin da suke ba mu ciwon kai a allo, f(x) da e da i da Σ, duk daga hannunsa suka bazu. Sai dai a 1735 wani zazzaɓi ya kusa kai shi kabari, zuwa 1738 kuma idonsa na dama ya kusa mutuwa gaba ɗaya.

A 1741, da siyasar Rasha ta dagule, ya amsa gayyatar Sarki Frederick na biyu ya koma Balin, inda ya yi shekara 25. Aiki kam ya yi shi: littattafan lissafi, taswira, kalanda, har da wasiƙu sama da 200 da ya rubuta wa wata gimbiya yana yi mata bayanin kimiyya da sauƙin harshe. Amma jininsu bai haɗu da sarkin ba. Frederick yana son masu iya zance da barkwanci a fada, Euler kuwa mutum ne mai iyali da ibada, ba ruwansa da iyayi. Sarkin har zolayarsa yake yi da sunan wani dodo mai ido ɗaya na tatsuniyar Girkawa. Da shugaban cibiyar ya rasu a 1759, Euler ne ya ci gaba da ɗaukar nauyin aikin, amma aka hana shi kujerar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1766 ya tattara iyalinsa ya koma Fitasbag bisa gayyatar Sarauniya Catherine ta biyu.

Komawarsa ke da wuya yana ta rufe idon hagun da ya rage masa. A 1771 gobara ta tashi a birnin ta cinye gidansa, wani ɗan garinsu Basel ne ya kutsa cikin wuta ya goyo shi, aka kuma yi sa'ar ceto yawancin takardunsa. A shekarar nan dai aka yi masa aikin ido, ya ɗan gani na kwanaki, sannan ganin ya tafi. A 1773 matarsa ta rasu bayan kusan shekara 40 suna tare. In da ni ne, na san abin da zan yi: in zauna a zaure in ce ai na yi nawa. Shi kuwa sai ya sa aka kawo masa babban allo yana rubuta manyan haruffa da alli, 'ya'yansa da mataimakansa suna kwafewa, sauran kuma ya riƙe a ka yana yi musu shifta. Littafinsa na aljabara da ya fito a 1770, wani yaron gidansa da ya koyi ɗinki ne ya rubuta shi daga bakinsa. Kusan rabin duk abin da ya wallafa bayan ya rasa gani ya yi shi.

A tsakiyar wannan hali ne, shekara guda bayan gobara, ya aika wa ɗaya daga cikin 'yan gidan Bernoulli wasiƙa cewa ya tabbatar 2,147,483,647 gagara-rabo ce. Wani malamin coci Bafaranshe, Marin Mersenne, ya riga ya lissafa ta cikin gagara-rabo tun 1644, amma faɗa kawai ya yi, kuma daga baya an samu kurakurai a jerin nasa. Euler ya riga ya ga yadda maganar Fermat ta ƙare, saboda haka sai da ya bi ta da kansa.

Ga yadda ya rage wa kansa wahala. Idan lamba ta rabu gida biyu da ake ninkawa, ɗaya daga cikinsu dole ya zama ƙarami. 46,341 sau 46,341 ya riga ya zarce lambarmu, don haka ba sai an gwada abin da ya wuce 46,340 ba. Duk da haka akwai gagara-rabo sama da dubu huɗu a ƙasa da nan. Sai ya haɗa wata ƙa'ida ta Fermat da wata tasa, ya nuna cewa duk abin da zai raba wannan lamba, in an raba shi da 248, saura ɗaya ne ko 63. Da wannan rariya, abin da ya rage a gwada bai wuce 372 ba. Aka bi su, babu wadda ta shiga. Ku lura, Fermat ɗin da ya kama da kuskure, shi ne kuma ya ɗauki ƙa'idarsa ya yi aiki da ita, domin wannan karon akwai hujja a bayanta.

To wane gida lambar take a cikin dangin lambobi? Da farko mara ce, ba cika ba, kuma gagara-rabo ce. Na biyu, tana cikin waɗanda ake kira da sunan Mersenne, wato ka ninka 2 da 2 sau da yawa ka cire ɗaya: 3, 7, 31, 127, haka. Ba kowace irin wannan ce gagara-rabo ba. In ka jera 2 guda 11 za ka samu 2,047, wadda 23 sau 89 ce. Tamu ita ce ta takwas a cikin waɗanda suka tsallake. Na uku, ita 31 ɗin da ta haife ta ma 'yar gidan Mersenne ce, abin da ba kasafai ake samu ba. Na huɗu, tana haifar da kammalalliyar lamba, wato lambar da in ka tara duk masu raba ta, ban da ita kanta, sai su ba ka ita. Misali 6, domin 1 da 2 da 3 shida ne. Haka 28, domin 1 da 2 da 4 da 7 da 14 ashirin da takwas ne. Tun kafin haihuwar Annabi Isa da kusan shekara 300, Euclid na Girka ya nuna cewa kowace gagara-rabo ta wannan gida tana ba da kammalalliya guda. Euler ya rufe ɗaya ƙofar, ya nuna cewa duk kammalalliyar da take cika ta wannan hanya kaɗai take fitowa. Wadda lambarmu ta haifa ita ce 2,305,843,008,139,952,128, alƙaluma 19 reras.

Lambar ta riƙe kambin gagara-rabo mafi girma da aka sani har 1867. Wani masani a Ingila, Peter Barlow, har ya rubuta a 1811 cewa da wuya wani ya nemi wuce nan, tun da a ganinsa abin ba shi da amfani sai burgewa. Shi ma maganarsa ba ta tsaya ba. Wadda aka gano a 2024 alƙalumanta sun haura miliyan 41. Batun amfani kuwa, wata ƙa'idar Euler kan ragowar rabo ita ce ginshiƙin tsarin kulle saƙo na RSA da aka fito da shi a 1977, wanda ya daɗe yana cikin masu tsare sirrin mutane a intanet.

Kada ku ɗauka shi ma ba ya tuntuɓe. Akwai lambobi aminan juna, kamar 220 da 284, waɗanda masu raba kowace suke taruwa su ba da ɗayar. Sabit bin Ƙurra ya yi nazarinsu a Bagadaza tun ƙarni na 9. Kafin Euler, ma'aurata uku kawai Turawa suka sani, shi kaɗai ya ƙaro kusan 60. Amma duk da haka ya tsallake 1,184 da 1,210 da ke nan kusa da ƙofa, sai sama da shekara 80 bayan rasuwarsa wani yaro ɗan Italiya mai shekara 16 ya tsinto su. Ko gwani yana barin abin da na baya zai duba.

Ranar 18 ga Satumba, 1783, ya wuni kamar kullum. Ya yi lissafin yadda balan-balan mai ɗaukar mutane ke tashi sama, ya tattauna da wani abokin aikinsa kan hanyar duniyar Uranus da ba a daɗe da ganowa ba. Da yamma jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa, ya cika a daren yana da shekara 76. Ayyukansa da aka ƙidaya sun kai 866, kuma cibiyar Fitasbag ta shafe kusan shekara 50 bayan mutuwarsa tana buga abin da ya bari.

Ni dai na koma kan furojet ɗina na bi shi layi-layi, na kwana uku ina yi, da wuta da babu wuta. Bayan waccan matsala na tsinci wasu guda biyu da su ma na gada ban sani ba. Na sauya mazubin kuɗin zuwa mai gurbi 64, wanda iyakarsa 9,223,372,036,854,775,807. Ba adashin da zai kai can. Masu tsofaffin na'urori da ke ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga farkon 1970 su ma wannan gyara ke jiran su, domin mazubinsu zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038.

Saura kwana shida yanzu in tsaya gaban malamai, kuma ban san makin da zan samu ba. Abin da na sani, duk layin da suka nuna min zan iya faɗin abin da yake yi. Ga waɗanda ke biye da mu, furojet ɗinmu zai zo hannunku kamar yadda na wasu ya zo namu. Ku karanta, ku amfana, amma ku zuba masa babbar lamba ku ga ko zai tsaya. Ita ma sabuwar iyakar tawa, wani abokina ya rantse min gagara-rabo ce tun da 'yar gidan Mersenne ce. Na ɗauki biro na raba ta da 7. Ta rabu, babu saura.